Me Ke Sa Mota Ta Rasa Ƙarfi Tana Cikin Tafiya?

Direbobin da ke jigilar hatsi da fasinja tsakanin Zinyau da Rano da Kibiya sun san wannan matsala sarai. Mota ta tashi lafiya, ta kama hanya, amma da zarar an zo hawa ko an nemi wuce wata motar, sai direba ya taka totur ya ji babu amsa. Ta yi ta shaƙewa, wani lokacin ma ta mutu. In ya tsaya a gefen hanya kuwa, sai injin ya ci gaba da kaɗawa lafiya lau, kamar babu abin da ya faru. A nan ne mutane da yawa kan ruɗe, har su kashe kuɗin da bai kamata ba.

Injin fetur, mai aiki bisa tsarin injin da Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, murhu ne mai duwatsu uku: iska da mai da tartsatsin wuta. Fistin yakan zuƙo iska haɗe da mai cikin silinda, ya matse su, fulogi ya kyasta, ƙarfin ƙunar ya tura fistin ƙasa. Masana sun auna cewa kilo 1 na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sosai. Wato lita guda tana cin iska kimanin lita 9,000, kuma duk iskar nan ta cikin matata ɗaya take bi. Mai karatu ya tuna da ƙurar hanyoyin karkara, da hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, zai ga irin aikin da wannan 'yar takarda take yi.

To, me ya sa injin ke lafiya a tsaye? Saboda a lokacin abin da yake bukata kaɗan ne. Mai mura yana iya zama ya yi hira, amma a ce ya yi gudu da buhu a ka, nan take numfashi zai gagare shi. Haka matatar da ta toshe rabi: tana barin abin da zai isa injin a tsaye, amma ba ta iya ciyar da shi a kan hawa da lodi. Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan da siririn tiyo da bokitin ruwa, a riƙa matse tiyon ana auna abin da ke fita cikin minti guda.

Don haka bakanike mai hankali daga abu mai araha yake farawa. Zai ciro matatar iska ya ɗaga ta ga rana. In haske bai ratsa ba, ta gama aiki. Kakkaɓe ta da ake yi a jikin taya dabara ce ta kwana biyu kawai. Cire ta gaba ɗaya kuwa, kamar yadda wasu ke yi, babbar ɓarna ce, domin ƙura za ta riƙa goge bangon silinda har injin ya soma shan baƙin mai.

Ɓangaren mai shi ya fi yawan laifi. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da kafireto suke aiki, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe ƙananan kafofinsa. Yawancin motocin yanzu kuwa famfon lantarki ne a cikin tanki yake tura mai zuwa nozul, kuma man da famfon yake nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Tun da fetur ya yi tsada bayan janye tallafi a Mayun 2023, direbobi da dama lita kaɗan suke zubawa, su yi ta yawo da tanki kusan wayam. Famfo ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, ga shi kuma yana zuƙar dattin da ya kwanta a ƙasa. Motar da ke shaƙewa bayan tafiya mai nisa, ta farfaɗo in an huta, sau da yawa wannan ne ciwonta, ko da yake kwayil mai rauni ma yakan yi haka in ya ɗauki zafi. Ma'aunin ƙarfin mai shi ke raba gardama.

Akwai kuma ingancin man kansa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in an tsiyayi kaɗan a farar kwalba aka ajiye, za a ga ruwan ya kwanta a ƙasa. Wanda ya sha mai a galan a bakin hanya, sannan mota ta canza hali, ya fara da wannan gwaji. Gidajen mai ma ba su tsira ba: a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, motoci da yawa suka lalace.

Sai wuta. Fulogi mai kyau bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya fi iska yawa, kuma salansa za ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta ƙonewar baƙin mai. Silindar da ba ta kamawa takan sa injin karkarwa, kuma ɗanyen man da take turawa yana iya narkar da matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi. In ta toshe, injin ya zuƙa amma ya kasa fitarwa.

Wani lokaci ma injin ba shi da laifi. In yana ruri amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ya cinye. In kuwa allurar zafi ta haura, a tsaya nan take, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, don tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa.

Motocin da aka ƙera don Amurka tun daga 1996, da na fetur a Turai tun daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike, ta karanto abin da kwamfutar motar ta adana. Kuɗin wannan bincike bai kai na famfo da fulogi da kwayil da za a sayo a Ƙofar Ruwa bisa ƙiyasi ba. Sai dai na'urar sashen da matsala take kawai take nunawa. Bakanike ne zai gwada ya tabbatar kafin a kwance komai.