Tafiya ko gudu: wanne ya fi rage ƙiba a Arlit?

An kafa garin Arlit a 1969 domin aiki mai sa gumi. SOMAÏR ta fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK ta bi sahu a Akokan a 1978. Amma arzikin ma'adini ya haifar da wani rukunin jama'a da ke wuni a zaune: ɗan kasuwa bisa bencin kantinsa, ma'aikaci a biro, direba a kan hanyar Agadas. Ga shinkafa da taliyar Aljeriya, ga shayi kofi uku da sukari. Sannu a hankali tumbi ya fito, ana yi masa kirari da alamar wadata, alhali hawan jini da ciwon sukari na biye da shi.

Wanda likita ya ce wa ya rage nauyi yakan tambaya: tafiya ko gudu? Ga lissafin. Mutum mai kilo 80, idan ya yi gudun kilomita 5 cikin rabin awa, zai ƙona kalori kamar 400. Idan ya taka wannan tazara da ƙafa cikin awa ɗaya, abin bai wuce kamar 280 ba. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori wajen 7.700. Ke nan mai tafiyar awa guda kullum sai ya yi wata ɗaya ko fiye kafin kilo ɗaya ya sauka, in bai ƙara ci ba. Kwalbar lemo ɗaya tana mayar masa da rabin wahalarsa ta ranar.

Binciken da Paul Williams ya fitar a Amurka a 2013, bayan ya bi dubban masu gudu da masu tafiya shekara 6, ya nuna gudu ya fi rage nauyi. Sai dai wani bincikensa na shekarar ya nuna cewa, idan ƙarfin da aka kashe ɗaya ne, tafiya ba ta gaza gudu ba wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya yi aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai tsanani.

Amma Arlit tana da nata sharuɗɗa. A watannin Mayu da Yuni zafi yakan haura digiri 40, gudu da rana kuwa kasada ce ga zuciya da ƙoda. Sa'an nan ga ƙura. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da Greenpeace a 2009, sun yi awo a yankin, har aka gano tururin uraniyom fiye da kima a wasu titunan Akokan. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tsibin sharar ma'adini ta kimanin tan miliyan 20. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin ba ninkin ta mai tafiya, abin da ke cikin iskar kuma huhunsa yake sauka.

Saboda haka magidanci mai ƙiba, wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe bai motsa ba, tafiya da sauri ta fi dacewa da shi: bayan sallar asuba ko bayan magariba, minti 30 zuwa awa ɗaya, kwana 5 a mako, nesa da wuraren haƙa da tsibin shara, da gorar ruwa a hannu. Ranar da iska ta taso da ƙura, ya haƙura. Gwiwa ma ta fi jure tafiya a ƙarƙashin jiki mai nauyi. Saurayi mai lafiya wanda lokaci ya yi wa ƙaranci yana iya yin sassarfa. Mai hawan jini ko ciwon ƙirji kuwa ya fara zuwa asibiti a auna shi tukuna. Kowanne mutum ya zaɓa, in bai rage sukarin shayi da tuwon dare ba, sikeli ba zai nuna masa bambanci ba.