Nonon Uwa da Ciwon Kirci

Yara, watakila wani daga cikinku yana da ƙane na goye wanda kumatunsa suka bushe, suka yi ƙuraje, yana ta susa yana kuka har dare ya raba. Sau da yawa wannan ciwo kirci ne. Yakan fara fitowa a fuskar jariri, in yaro ya tasa kuma sai ya koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa.

Kirci ba ya yaɗuwa kamar ƙazuwa, saboda haka kada ku guji ƙanenku. Asalinsa fata ce mai saurin bushewa, galibi kuwa gado ne. An fi samunsa a gidan da akwai masu ciwon asma. Iskar hunturu da sabulu mai ƙarfi su ne ke tsananta shi.

To, ga inda hatsarin yake. Wata uwa in ta ga ƙurajen nan sai a ce mata nononta ne ya ɓaci, ta yaye yaro tun bai isa ba. Kirci bai tafi ba, ga zawo da rama sun shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, ko ruwa kada a haɗa. Daga nan a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ba lallai nono ya hana kirci fitowa ga wanda ya gada ba, amma shi ne garkuwarsa daga cututtukan da ke kashe jarirai.

Waɗansu kuma sukan hana mai kirci gyaɗa da ƙwai, wai kada jikinsa ya ƙi su. Likitoci a birnin Landan sun gwada batun gyaɗar da jarirai 640, mafi yawansu masu kirci, suka bayyana abin da suka gani a 2015. Cikin kowane 100 da aka hana gyaɗa, wajen 17 ne jikinsu ya ƙi ta da suka kai shekara 5. Cikin waɗanda aka saba musu da ita tun da wuri kuwa, 3 kaɗai. Ashe hanin ne ke jawo abin da ake gudu.

Amma fa ba a ba jariri ƙwayar gyaɗa, don tana iya shaƙe shi. Sai dai a niƙa a dama masa kunu. In kircin ya yi tsanani, likita ne zai faɗi yadda za a fara. In kuwa yaro ya ci wani abu bakinsa ya kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, a ruga da shi asibiti nan take.

Ku ma kuna da aikin yi. Ku taya Inna shafa masa man kaɗanya bayan wanka, ku tuna mata a yanke masa farce, a sa masa rigar auduga. Yara da yawa kircinsu yakan lafa in sun girma.

Tambayoyi
1. Me ke tsananta kirci?
2. Wata nawa ake ba jariri nono zalla?
3. Don me ba a ba jariri ƙwayar gyaɗa?