Ƙwayar da ke kwantar da ciwon kai, ta kuma tayar da shi

A Kasuwan Magani da ke Ƙaramar Hukumar Kajuru, kamar sauran garuruwan kudancin Kaduna, wanda kansa ke sarawa yakan fara leƙa kemis kafin asibiti. Shi ya sa ya dace jama'a su san dangin magungunan da ake kira babiturat.

Wanda aka fi sani a Najeriya shi ne phenobarbitone, da kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi a 1912. Aikinsa hana farfaɗiya ne; ba ya kashe zogi, ƙwaƙwalwa kawai yake lafar da ita. A Amurka akan haɗa ɗan'uwansa butalbital da farasitamol da sinadarin kafeyin domin ciwon kai, amma yawan shan haɗin kan sa ciwon ya riƙa dawowa.

Jiki na sabawa da waɗannan ƙwayoyi, dainawa kwatsam kuma kan jawo jijjiga. Shansu tare da burkutu ko tiramol na iya tsayar da numfashi. Suna kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

Ciwon kai mai naci na iya zama alamar zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau ko matsalar ido. Gwaji a asibiti, a Kaduna ko Kafanchan, shi zai bambance su.