Inshorar da ke bin hanyar biyan kuɗi: me ya rage wa matafiyin Mararaban Rido?

A Amurka da Turai, mai riƙe da babban katin bashi na Visa ko Mastercard yakan samu inshorar tafiya ba tare da ya taka ƙofar wani ofishi ba. In ya sayi tikitin jirgi da katin kuma jakarsa ta ɓace, akwai diyya. In ya ɗauki hayar mota ta samu lahani, kamfanin inshora ne zai ji da gyaran. Ba don Allah banki ke yin haka ba. Kuɗin shekara da mai kati ke biya da kason da ake yanka wa 'yan kasuwa a kowane ciniki su ke ɗaukar nauyin. Amfanin tsarin shi ne kariyar tana manne da biyan kuɗin, mutum ba ya bukatar ya tuna da ita.

A Mararaban Rido, inda motoci ke barin Kaduna su bi ta Kujama da Kasuwan Magani zuwa Kachia, Zonkwa da Kafanchan, wannan gata bai iso ba. Katin da ke aljihun mutane na cirar kuɗi ne, ba na bashi ba, kuma wanda ke son mota shata yake ɗauka har da direbanta. Kariyar da doka ta tanada ita ce inshorar da ke biyan wanda mota ta yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga diyyar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. A 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta ta. Sai dai tilasci a shingen hanya takarda yake haifarwa, ba diyya ba. Direban da tsadar mai ta matse tun janye tallafi a Mayun 2023 yana neman abin da zai nuna ya wuce, shi ya sa takardun bogi ke da kasuwa. Ranar da hatsari ya auku, kuɗin asibiti kan dangi da coci ko masallaci yake faɗawa.

Ga inda sauyi ya buɗe ƙofa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa direbobi da fasinjoji tura kuɗi ta waya da POS, irin su OPay da Moniepoint suka shiga tashoshi. Kuɗin mota da aka biya ta haka yana barin shaida: suna, lokaci da adadi. Wannan shaidar ce ginshiƙin inshorar kati a ƙasashen waje, kuma babu abin da zai hana a ɗora ƙaramar inshorar fasinja a kanta, ƙungiyar direbobi ta NURTW ta haɗa ta da rajistar sunayen matafiya.

Za a ce kuɗin mota zai ƙaru. Zai ƙaru, amma abin da aka raba wa dubban matafiya bai kai nauyin jinyar karaya ɗaya a kan gida ɗaya ba. Masu ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas suna da takaful, wato inshorar Musulunci, wanda kamfanoni kamar Noor da Jaiz ke gudanarwa da lasisi. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na rashin biyan diyya, kuma mai yin sa yana da gaskiya: ko a Turai ana hana diyya da sharuɗɗan da mai kati bai taɓa karantawa ba. Don haka tsarin ba zai yi aiki a hanyar Kachia ba sai an rubuta sharuɗɗansa da Hausa a taƙaice, an sa wa'adin biya, kuma wanda ya ji rauni a Zonkwa ya iya neman haƙƙinsa ta waya ba sai ya je Abuja ba.