Na'urar Numfashi da Ƙoda: Ruwa Nawa Ya Isa?

Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin kulawa ta musamman, wanda jama'a ke kira gobe da nisa, ya ga ma'aikatan jinya suna duƙawa kowace awa don duba ledar fitsari, alhali ciwon a huhu yake. Dalilin yana cikin yadda na'urar numfashi ke aiki.

Mai lafiya idan zai ja numfashi, ƙirjinsa ne ke buɗewa iska ta shiga, kuma wannan zuƙar tana taimaka wa jini komawa zuciya. Ita kuwa na'ura cusa iskar take yi. Matsi ya ƙaru a cikin ƙirji, sai jinin da ke dawowa zuciya ya ragu, wanda take harbawa ma ya ragu. Ƙoda biyu, duk ƙanƙantarsu, su ke karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan jini, don haka ba sa jimawa ba su ji a jika ba. Ga kuma jinin da zai fita daga cikinsu yana cunkushewa, kamar kwatar da aka toshe bakinta. Jiki sai ya ɗauka jini ne ya zuba, ya saki sinadarai irin su ADH da renin, masu sa ƙoda riƙe ruwa da gishiri. Fitsari ya ja baya. Tun 1947 wani mai bincike, Drury, da abokan aikinsa suka nuna wannan raguwar fitsari a Amurka.

To, sai a ƙara ruwa mana? Nan ne gizo ke saƙar. A farkon ciwo, idan jini ya yi ƙasa, ƙarin ruwa na ceton ƙoda. Amma idan ya yi yawa, tsatsafowa yake daga jijiyoyi ya kwanta a huhun da dama ya jigata. Ƙoda ma kumbura take, kuma da yake tana cikin wata fata marar miƙewa sosai, kumburin matse ta yake yi. 'Yan uwa kan ji daɗi in sun ga ana rataya ledar ƙarin ruwa ɗaya bayan ɗaya, suna ganin kulawa ke nan. Ba kullum ba.

A 2006 an fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan majinyata 1,000 masu mummunan raunin huhu. Waɗanda aka taƙaita wa ruwa sun riga sauran rabuwa da na'ura, kuma buƙatar wankin ƙoda ba ta ƙaru a cikinsu ba, ko da yake yawan mace-mace bai bambanta sosai ba.

Shi ya sa ake rubuta duk ɗigon da ya shiga da wanda ya fita. Ga babban mutum mai kilo 60, fitsarin da ya gaza mililita 30 a awa, har awa shida a jere, ya isa a kira likita.