Haidirojel: Mai Shan Ruwa Bai Narke Ba

Duk ɗalibin da ke Malali ya san matatar da ke jawo ruwa daga Kogin Kaduna. Cire laka da kashe ƙwayoyin cuta sanannen aiki ne, amma narkakkiyar dalma ido ba ya ganinta. Gubar dalma ce ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Neman hanyar kama irin wannan guba na cikin dalilan nazarin haidirojel.

Haidirojel dogayen zaruruwan folima ne da aka ƙulla kamar komar masunta, su sha ruwa su kumbura ba tare da sun narke ba. A 1960 Wichterle da Lim na birnin Prague suka bayyana wanda aka yi tabarau mai laushi na kan ƙwayar ido da shi. Wani nau'insa na cikin ƙunzugun jarirai na zamani.

Domin ya sami ƙofofi, akan zuba sodar burodi yayin haɗa shi, iskar da ta tashi ta huda shi kamar cikin waina. Yawan ƙofofi kan sa ruwa ya ratsa da sauri, dalma ta sami wurin mannewa.

Malami zai iya gwadawa a aji: a auna busasshen garin ƙunzugu, a jiƙa, a sake aunawa, sannan a barbaɗa gishiri a ga yadda zai saki ruwan.