Kuba: Hutu Haramun, Karatu Halas

Mil 90 ne kacal tsakanin Kuba da ƙarshen jihar Florida, amma Ba'amurke ya fi samun sauƙin zuwa Sin. Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba wa tsibirin takunkumi a 1962, a shekara ta gaba aka hana Amurkawa kashe kuɗinsu a can, kuma har yau doka ba ta yarda mutum ya je ya miƙe ƙafa a bakin tekun Varadero don hutu kawai ba. Ɗaya daga cikin 'yan kafofin da aka bari ita ce a tafi a ayari, da sunan neman ilimi da cuɗanya da jama'a.

Kafar ma ba ta da tabbas. Clinton ya buɗe ta a 1999, Bush ya toshe a 2003, Obama ya sake buɗewa a 2011, Trump ya rufe a Yunin 2019, Biden ya dawo da ita a 2022. Sai ka ce ƙyauren zaure ranar iska.

Sharuɗɗan daga Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka suke fitowa: a cika wuni da ayyuka, wakilin ƙungiyar da ta shirya tafiyar ya kasance cikin ayarin, a adana takardun shaida na shekaru. Saboda haka baƙo ba ya zama. Da safe yana gidan tarihin yaƙi da jahilci a Habana, yana kallon fitilun da 'yan makaranta suka shiga ƙauyuka da su a 1961 suna koya wa manoma karatu da rubutu. Da rana yana Finca Vigía, gidan marubuci Hemingway, yana leƙen littattafansa ta taga, don ba a barin kowa ya shiga ɗakunan.

Birnin Matanzas ne, a ganina, ya cancanci sunan makaranta. Can ake kaɗa ganguna uku na bata, ana kiran Changó da Ochún da Yemayá. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar tafinta: Shango ne da Oshun da Yemoja, allolin da Yarabawan da aka kai bauta gonakin rake suka ƙi bari su mutu.

Gaskiya dai, wanda aka tsara wa jadawali abin da aka nuna masa yake gani, kuma gwamnatin Kuba na da hannu a tsarin. Amma kuɗin abinci da na kwana sukan faɗa aljihun talaka: matar da ta mai da falonta gidan abinci, mai ba da hayar ɗaki, direban tsohuwar Chevrolet ta shekarun 1950. Da aka hana jiragen ruwan shaƙatawa zuwa daga Amurka a 2019, su ne suka fara ji a jikinsu. Katin bankin Amurka ba ya aiki a tsibirin, don haka duk wanda ya zo da tsabar kuɗi yake zuwa, ya ƙirga musu a hannu.